Sunan 'Yata Ba Ya Cikin Littafinku

Kai ne, Magatakarda. Kai ka bar sunan 'yata a waje, kuma kada ka ƙara ce mini wai kwamfuta ce. Na ga kwamfutar taka a kan tebur, ba ta da hannu ba ta da ƙafa, sai abin da aka danna mata. Sa hannunka ne a bayan littafin bikin yaye ɗalibai, an nuna mini shi, wani dogon abu kamar tsutsa ta bi ta cikin tawada. To tunda ka iya sa hannu, gyara zama ka ji abin da ka sa wa hannu.

'Yata shekararta arba'in da shida. Ta taɓa shiga jami'ar nan taku tana budurwa, tun kafin a ba ka wannan kujera mai juyawa. Tana shekara ta biyu babansu ya faɗi a bakin ƙofa, rabin jikinsa ya shanye. Ba wanda ya ce mata ta bar karatu. Ita da kanta ta naɗe takardunta ta tura ƙarƙashin gado, ta je ta nemi aiki a ɗakin wanki na asibiti. Ni kuwa ina gani na yi shiru, don ina bukatar hannunta a gidan. Wannan shirun ya fi shekara ashirin yana zaune mini a ƙirji kamar dutse. Riƙe wannan, shi ne zai nuna maka abin da ya tashe ni daga kujera.

Ka taɓa shiga ɗakin wankin asibiti? Ba ka taɓa ba, na ga farin hannun rigarka. A ƙasan bene yake. Tururi ko'ina, injuna huɗu kowanne ya kai ɗakin girkina, zannuwan gado na saukowa cikin keke da jini da fitsari da abin da ba a faɗa. Nan ta fara da tsince ƙazanta, har ta kai ita ke kula da mutum goma sha huɗu. Ni nake ɗinka mata suna da jan zare a ƙirjin rigar aiki, don riguna na cakuɗewa a wanki. Ban yi boko ba, baƙi ko ɗaya ban sani ba. Amma sau ɗaya ta zana mini shi da alli, na bi da allura, kuma tun daga ranar na san sunan 'yata yadda na san fuskarta. Ko cikin dubu aka sa shi zan tsamo shi.

Shekara biyar ke nan, wata Asabar da hantsi, ta same ni ina tsintar wake.

“Inna, zan koma makaranta.”

“Wace makaranta, da furfura a goshi?”

Ta ce kun buɗe wani tsari na manya masu aiki. Mutum ya zo ranar Asabar, saura ya bi ta waya. In wata larura ta taso ya dakata, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Har shekara biyunta ta da za a lissafa mata. Kuma ba dole ya tsaya a sashe ɗaya ba, shi zai zaɓo darussan da yake so daga nan da can.

Na ce, “To me za ki karanta?”

“Abin da ke ba ni ciwon kai a wurin aiki. Ƙwayoyin cuta a wajen masu kiwon lafiya. Injuna a wajen injiniyoyi. Yadda ake tafiyar da ma'aikata a wajen masu koyar da shugabanci.”

Ƙanenta bakanike yana zaune a dakali yana goge baƙin mai a hannu. Ya tuntsire da dariya.

“Yaya, wannan ai digirin tsince-tsince ne. In kin gama me za mu kira ki, likita ko bakanike ko manaja?”

“Ka kira ni wadda za ta daina kiranka,” in ji ta. “Wancan karon da ka kwance mana inji, ka ɗaure ka bar kusoshi uku a hannu ka ce wai ƙari ne.”

Ya koma goge hannunsa.

Ba zan ce maka da sauƙi aka yi ba. A kan kifaffen kwando take karatu lokacin hutun cin abinci, inji na gurnani a bayanta. Ranar farko wani malami ya tambaye ta ɗan wa ta zo nema. Lissafin injiniyoyi ya kayar da ita sau ɗaya, ta tashi ta sake. Da aka yi mini aikin ido ta ajiye zango guda cur tana ɗiga mini magani, na ce shi ke nan, na sake cinye mata karatu. Sai ga shi idona na buɗewa ta ɗauki jakarta. A bincikenta na kammala karatu ta gano inji na uku ba ya kai zafin da ke kashe cuta, ko da yake allurar ma'aunin zafinsa na nuna ya kai. Ta kuma nuna musu keken ƙazanta da keken wankakku ta ƙofa ɗaya suke bi, suna gogar juna. Asibiti ya fasa bango ya yi sabuwar ƙofa. Likita bai ga wannan ba, injiniya bai gani ba. Mai tsince-tsince ce ta gani.

Ranar biki na sa sabon ɗinki, bakanike ya wanke motarsa har taya. A bakin babban zaure aka miƙa mana littafin nan naka mai sheƙi. Ina zama na buɗe, na sa yatsa, layi bayan layi, shafi bayan shafi. Na kai ƙarshe na dawo farko. Na ce ko idon ne ya koma gidan jiya. Na miƙa wa bakanike.

“Duba mini yayarka.”

Ya duba wajen masu lafiya. Ya duba wajen injiniyoyi. Ya duba na ukun, masu koyar da shugabanci. Ya ɗago ya dube ni, dariyar nan tasa ta gudu.

“Inna, babu.”

Na ɗaga kai ina nemanta. Kowane sashe da layin kujerunsa masu laushi, da allonsa a gaba. Can bakin ƙofa, kusa da kwandon shara, na hango kujerun roba goma sha ɗaya. 'Yata na kan ta uku, cikin doguwar rigar nan da hula mai faɗi. Kusa da ita wani dattijo mai farin gemu, direban motar asibiti, abokin karatunta. Daga baya ta gaya mini, mai nuna wurin zama ya tambaye su wane sashe, suka ce uku-uku, huɗu-huɗu, ya rasa inda zai kai su, ya kwaso musu kujeru daga waje.

Awa uku kuna kiran suna. Duk sashen da aka fara, sai in ga ta gyara hula ta zauna a bakin kujera. A gama, ta koma ta jingina. Sau uku ta yi haka. Sai shugaban jami'a ya miƙe ya gyara murya zai rufe taro. A nan na ga ta cire hular, ta ɗora a cinya, ta shafa ta a hankali. Wallahi haka ta shafa takardunta ranar da ta tura su ƙarƙashin gado.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

Bakanike ya riƙe mini gefen zane. “Inna, don Allah zauna, za a fitar da mu.”

“Sake ni, ko in fara da kai.”

Na bi tsakiyar zauren da sandata, ƙwas, ƙwas. Wani mai gadi ya sha gabana.

“Mama, ba a wucewa nan.”

“Ɗana, taɓa ni ka gani. In zube nan, kai za ka goya ni har gida, kuma a hawa na uku nake.”

Ya matsa.

Shekara talatin na yi ina sayar da kayan miya a kasuwa, rumfata jikin injin niƙa. Ba na bukatar lasifikarku. Na tsaya gaban dandamali na ce, “Ba ku gama ba!” Sannan na juya wajen ƙofa na kira sunan 'yata, cikakke, har da na ubanta da bai ga ranar ba. Sau uku na kira. Na ce, “Taso!”

Kai ne ka sunkuyo daga sama, ka tuna? Ka rufe bakin lasifika da hannu, amma ba ka rufe da kyau ba, kowa ya ji.

“Mama, a yi haƙuri, a zo ofis ranar Litinin.”

Na ce, “Ranar Litinin za ka sake tara mini mutanen nan?”

Dariya ta fashe daga baya ta taho gaba. Wani ya ce, “A kira su mana!” Wasu suka ɗauka. Kai kuwa ka hau juya takardu kamar sunan zai faɗo daga tsakaninsu.

Sai wata 'yar siririyar malama mai tabarau ta taso daga layin ƙarshe na dandamali. Ita ke kula da tsarin manyan, ita ta riƙa kiran 'yata a waya lokacin da nake jinyar ido tana cewa kada ta kuskura ta ƙi dawowa. Ta zo ta karɓi lasifika a hannunka, ba ta ko nemi izini ba. Ba takarda a hannunta. Da ka ta kira su, ɗaya bayan ɗaya, kowa da aikinsa da abin da ya haɗa ya karanta. Direban nan, shekara sittin da ɗaya. Wata mai ɗinki. Wani mai gadin makaranta. Da ta zo kan 'yata ta ce, “Shugabar ɗakin wanki, wadda ta sa asibiti ya fasa bango.”

'Yata ta mayar da hularta. Ta taho daga bakin ƙofa, tun daga can ƙarshen zaure, kuma ka san doguwar tafiya ce, don kai ka ajiye ta can. Kowane layi ta wuce sai ya miƙe. Yaran nan masu kujeru masu laushi suna tafi suna buga ƙafa suna “Anti! Anti!” Kafin ta iso ba wanda ke zaune sai kai, da ka koma kujerarka. Shugaban jami'a ya miƙa mata hannu biyu. Can baya kuwa wani ya hau kan kujera yana ihu har muryarsa ta dishe: “Yayata ce! Wallahi yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya!” Mai kusoshi uku ke nan.

Da ta sauko ta rungume ni, hawaye ya jiƙa mini wuya, ta ce a kunnena, “Inna, kin tara mini jama'a.”

Na ce, “Da can na yi shiru. Ya isa.”

Na laluba ƙirjina, dutsen nan babu shi.

Yanzu takardar digirinta na rataye a ɗakina, ba a nata ba, na ƙwace. A asibiti an fara kiranta taron sama, inda ake zama da likitoci, da jan zarena a ƙirjinta. Wannan duk mun samu, ba kuma kai ka ba mu ba.

Saura littafin. Na zo ranar Litinin kamar yadda ka ce. Ka ce masu lafiya sun ɗauka injiniyoyi za su turo sunanta, injiniyoyi sun ɗauka na ukun ne, kwamfuta kuma ba ta da gurbin mai sashe uku. Lokacin da kuke kiransu su zo su yi karatu kun san su sarai. Jarrabawa ba ta taɓa ɓatan hanyarsu ba. Sai ranar kiran suna gurbi ya ƙare? Littafin nan yana gidaje dubu yanzu, ana ajiye shi a akwati, jikoki za su buɗe. Mutum goma sha ɗaya ba sa ciki. Kuma baɗi akwai wasu tafe, ba kowa ke da uwa mai murya ba.

Don haka ga abin da nake so. Ka sake buga shi da sunayen nan goma sha ɗaya, a tsakiya, ba a bango ba. Kada ka yi tunanin za ka wayance mini don ban iya karatu ba, da yatsana zan bi. Ina kan bencin bakin ofishinka kowace safiya da ɗinkina, masinjanka ma ya fara kawo mini ruwa. Ka fito ka tsaya gabana, ka bar kwamfuta a ciki, ka faɗa mini da bakinka: wa ya ga kujerun roba goma sha ɗaya a bakin ƙofa ya bari aka fara taro? Ina jira, Magatakarda. Amsa mini.