Ɗan Rediyon Injiniya

Injiniya dai ba injiniya ba ne. Mai gyaran fanka da dutsen guga ne, amma tun ranar da ya tayar da wata tsohuwar talabijin da kowa ya riga ya yi wa ta'aziyya sunan ya manne masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa zance ba. Abu biyu ya tsana a duniya: sayen kaya a farashinsu na gaskiya, da tashi daga kujera in ya riga ya zauna.

Matarsa kuwa kiwon kaji take yi. Ta daɗe tana bin wata gona mai nisa a kan ƙwan wasu kaji masu saurin girma, sai da ta kusa fid da rai aka ba ta. Ta jera su a injin ƙyanƙyasa a ɗakin ajiya da ke ƙarshen gida, tana leƙa su kamar mai jego. Ana cikin haka aka kwantar da mahaifiyarta a asibiti a wani gari, dole ta tafi jinya. Kafin ta ɗauki jaka ta ja mijinta har gaban injin, ta nuna masa ma'aunin zafi, ta ce in zafin nan ya sauka ƙwan sun mutu, kuma ba za a sake ba ta wasu ba sai baɗi.

"Malam, da ƙafarka za ka riƙa zuwa, safe da yamma. Ka sa hannu ka ji ɗumin."

Ya ce ta kwantar da hankalinta, ai gidan injiniya take aure.

Ya je ranar farko. Ya je rana ta biyu yana tsaki. A ta uku ya yanke hukunci cewa wannan zirga-zirga ci baya ne, a zamanin da ake magana da mutum yana wata ƙasa. Abin da ake bukata ɗan rediyo ne guda biyu: ɗaya a jikin injin ya riƙa aiko da zafin, ɗaya a falo ya karɓa ya nuna a ƙaramin allo. Nisan ma tsakar gida ne kawai, ba ya son mai ƙarfi, ba ya son mai cin wuta, kuma sama da komai ba ya son mai tsada.

Mutumin da ya ga tsallaka tsakar gida wahala ne, shi ne ya tattake kasuwar kayan lantarki layi-layi har takalminsa ya buɗe baki. A shagon farko aka nuna masa masu kyau a kwali, kowane biyu da lambarsu ta daban don kada su saurari na wani. Ya ji farashi, ya tambayi mai shagon ko da mota ake haɗawa. A wani shagon ya taya har mai kayan ya karɓe abinsa daga hannunsa ya mayar cikin gilashi. Can dai a ƙarƙashin wata matattakala ya sami mai tebur yana sakace haƙori, gabansa kwali cike da 'yan rediyo tsirara, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba, babu suna babu takarda. Kuɗinsu bai kai na shan ruwan sanyi ba. Injiniya ya ji zuciyarsa ta yi fari.

Mai teburin ya gaya masa gaskiya, don ba ya son a dawo masa da rigima. Ya ce dukkansu lamba ɗaya suka fito da ita daga kamfani, sai an sayi wani ɗan kebul an canza wa kowa tasa. Injiniya ya yi dariya, ya ce wa zai zauna yana sauraron hirar ƙwai? Batir ma ya ƙi saye. Tunda abin ba ya cin wuta, zai ja masa daga jikin injin ƙyanƙyasar, kyauta.

Ya haɗa, abu ya yi aiki, allo ya nuna talatin da bakwai da rabi, daidai yadda ake so. To, ina amfanin fasaha in ba wanda ya gani? Ya kirawo maƙwabcinsa, wani tsohon direba da shi ma yake ɗan taɓa kiwo, wanda nasa injin ƙyanƙyasar ke jingine da bayan bangon falon Injiniya. Tsohon ya riƙe baki. Injiniya ya kwatanta masa matattakalar, ya kuma haɗa masa nasa ba ko sisi, don dai ya ƙara jin yabo. Direba ya sayo har da batir, Injiniya ya ce masa wannan ai ɓarnar kuɗi ce irin ta waɗanda ba su san lantarki ba.

Daga nan kujera ta sami mai ita. Kullum matar ta bugo waya, sai ya ɗaga kai ya karanto mata lamba cikin isa. In ta tambaya ko ya je ya taɓa, ya ce yanzu ma daga can yake, yana kallon yatsun ƙafarsa a kan tebur. Gizo-gizo ya yi saƙa a ƙofar ɗakin ajiya ba wanda ya dame shi.

Ranar da ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba ta wuce can. Wari ne ya fara yi mata sannu da zuwa. Fis ɗin injin ya ƙone tun ba a san ranar ba, ƙarfen ya yi sanyi ƙalau, wasu ƙwan har sun fashe. Ta tsaya riƙe da murfin injin, hawaye na zuba. Wallahi da ta yi masifa da ya fi masa sauƙi.

Amma Injiniya bai saduda ba. Ya ce ba zai yiwu ba, ta zo ta gani da idonta. Ya ja ta falo ya nuna allo: talatin da bakwai da rabi, tsaf. Yana cikin rantsuwa cewa na'ura ba ta ƙarya aka yi sallama. Tsohon direba ne, ɗauke da ƙaramin kwali yana ta tsiu-tsiu, bakinsa har kunne.

"Injiniya, Allah ya saka da alheri. Duk sun ƙyanƙyashe, yanzu na kashe injin. Ga biyu na kawo wa gidanka."

Su ukun suka kalli allon. Lambar ta motsa, ta sauka talatin da bakwai, ta sake sauka. Sai a lokacin Injiniya ya gane. Nasa rediyon ya mutu tare da injin da yake satar wuta a jikinsa, na falo kuma ya ci gaba da karɓar na bayan bango, tunda lambarsu ɗaya.

Matar ta share fuska da gefen mayafi, ta karɓi kwalin da hannu biyu.

"Ka ƙara yi masa godiya, Baba. Tun da na tafi yake gadin ƙwanka, ko ƙiftawa bai yi ba."

Ta raka tsohon bakin ƙofa, ta dawo da bokiti da tsintsiya ta ajiye a gaban kujerar.

"Ɗakin ajiya, Malam. Da ƙafarka."