Gonar da Sallau Bai Shuka Ba

"Ka tahi ka tambayo min su," in ji Sallau daga kan tabarma, numfashi na fita da ƙyar. "In shuka, ko in bari?"

Maƙwabcinsa Ilyasu ya dubi tsakar gida, ƙasa jiƙe sharkaf. Jiya ruwan shuka ya sauka a Jiratawa, kowa ya fita da sungumi ban da wannan tsoho. Damina bakwai ke nan tun da masu awo suka kafa turaku masu jan kai a gonarsa, suka ba shi takarda mai hatimi cewa nan layin dogo zai bi, kada ya ƙara saka iri. Sauran manoma shekara guda suka yi haƙuri, suka koma nomansu. Sallau kuwa tsohon soja ne, ba ya tsallake abin da aka buga wa hatimi. Har fenti yake sake shafa wa turakun. Hatsin da yake ci 'yarsa Tahira ke aiko masa daga Tsibiri, kuma wannan ya fi ciwon ci masa rai.

Ilyasu ya hau kabu-kabu zuwa Maraɗi. A biro na farko, ofishin gwamnati, aka ce maganar Yamai ce. A na biyu aka ce mai riƙe da takardun an yi masa canjin wurin aiki. Ya wuce unguwar Zariya, gidan ɗan siyasar da sau biyu ya zo da makaɗa ya aza harsashin tasha ɗaya a gonar, kowane zuwa ana dab da zaɓe.

Mai gadi ya shiga, ya fito. "Alhaji ya ce shi yanzu ba ya bisa kujera. Ka tambayi waɗanda sunka hau."

Takaici ya hana Ilyasu ko shan ruwa. Da la'asar ya dawo ya durƙusa a gefen tabarmar.

"Sun ce ka shuka."

"Alhamdu lillahi. Ina takarda?"

Ilyasu ya buɗe tafukan hannunsa, ba komai.

"To ba su ce ba, Ilyasu, kai ka ce. Allah shi saka maka da alheri." Ya juya fuska wajen bango.

Bai kai Juma'a ba.

Bayan sadakar uku, Tahira ta sauko da goran irin da ubanta ya rataye tun shekarar awo, ta zazzage a faifai. Gari ne kawai ya zubo, ƙwari sun gama da shi. Ta daɗe tana kallonsa.

Da yamma Ilyasu ya bi ta bakin gonar. Dama da hagu gero ya tsiro layi-layi. A tsakiya ƙasar Sallau na kwance ba komai sai ciyawa, turakun na tsaye, jan fentinsu bai ko koɗe ba.