Rahmatu Ta Hana Mota Tashi

Sau uku Hayatu direba yana kai makulli zai tayar da mota, sau uku hannunsa yana kauce wa ramin. A na huɗu makullin ya suɓuce ya faɗi tsakanin ƙafafunsa.

Rahmatu tana zaune gefensa a gidan gaba, ta rungume ƙullin gishiri da kwalbar kananzir a cinya. Shekara shida ke nan tana shiga wannan a-kori-kura duk ranar da ta kawo gumin shinkafa birnin Sakkwato daga ƙauyensu na bayan Kware, kuma don girmanta Hayatu yake ajiye mata wurin nan. Ta san tuƙinsa, ta san surutunsa. Yau kuwa tun da ta shigo bai ce komai ba sai gaisuwa, ita ma da ƙyar ta fito.

"Hayatu, lahiya kake?"

Ya juyo zai yi mata murmushi. Rabin bakinsa ne kawai ya motsa. Ɓangaren dama ya zube ƙasa, miyau yana bin gefen gemunsa bai sani ba.

"Kaina ka ciwo kaɗan, Inna," ya ce, harshensa yana harɗewa.

Rahmatu ta ƙura masa ido. Ta taɓa ganin wannan fuska. Shekara uku da suka wuce, a fadama lokacin yankan shinkafa, haka bakin maigidanta Dodo ya yi kafin lauje ya faɗi daga hannunsa.

Ta waiwaya baya. Mutum goma sha shida ne a cunkushe, da buhuna, da awaki biyu, da wata mai jego da jaririnta. Gabansu akwai gadar gulbin Rima, ga manyan motocin siminti na Kalambaina da ba sa kauce wa kowa a hanya. Ta sunkuya ta ɗauki makullin, ta ɗaure shi a haɓar zanenta.

Maigandi ɗan kamasho ya buga ƙofar da tafin hannu. Ƙato ne mai babbar murya, shi ke loda motocin wannan layi.

"Direba, a tahi mana! Akwai wata na jiran layi."

"Motar ga ba ta tashi," Rahmatu ta ce.

"Mi kinka ce, Inna?"

"Na ce ba ta tashi. Makulli na hannuna."

Maigandi ya yi dariya, ya ga ba wasa take ba, dariyar ta tsaya. Nan da nan mutane suka fara dirowa daga baya. Wani mai babbar riga ya ce yana da ɗaurin aure bayan la'asar. Wata ta ce tun yaushe masu shinkafa suka fara ba direbobi umarni. Hayatu kansa ya miƙo hannun hagu yana neman makullinsa, yana wata magana da ba wanda ya gane.

Rahmatu ta sauko, ta zagaya wajen ƙofarsa ta buɗe. Ba ta saba ɗaga murya cikin maza ba, sai ta ji muryar ta fito da kanta.

"Ku duba da idonku. Hayatu, ɗaga hannuwanka biyu."

Ya ɗaga. Na hagu ya tsaya. Na dama ya yi sama kaɗan, ya sulale ya faɗi kan cinyarsa kamar tsumma.

Sai wani ya ce, "Subhanallahi, iska ta." Maganar ta bazu. Aka kama Hayatu aka fito da shi, aka jingina shi da tayar mota. Maigandi ya ruga wajen wani malami da ke zama bakin masallacin tasha, ya dawo da ƙoƙon rubutu yana cewa a buɗe wa Hayatu baki.

Rahmatu ta durƙusa tsakaninsu.

"Kada wanda ya sa mai ko ɗigon ruwa ga baki."

"Inna, ayar Allah ta za ki hana?"

"Ban hana ba. Ku shafa mai ga huska, ku yi mai addu'a, ni ma ina yi. Amma maƙogwaronai bai iya haɗiya yanzu. Kwana huɗu munka yi muna ɗura wa maigidana jiƙo da rubutu, ashe duk cikin ƙirjinai suka tahiya. Saura kaɗan shi mutu, ba don ciwon ba, don ɗurar da munka yi mai. Wanga ciwo jini na ya hau. Asibiti za a kai shi, yanzu."

Hannun Maigandi ya tsaya a sama da ƙoƙon. Ya dubi jama'a ko wani zai goya masa baya. Malamin ne ya tako a hankali, ya karɓi ƙoƙon, ya tsoma yatsunsa ya shafa wa Hayatu a goshi.

"Ku bi maganar matar ga," ya ce. "Ta gani, mu ba mu gani ba."

Bitrus makanike, mutumin Fankshin da ke da rumfar gyara a bakin tasha, ya matso yana goge baƙin mai a wandonsa. Ya ce zai tuƙa. Rahmatu ta kwance haɓar zane ta ba shi makullin. Aka sauke buhuna da awaki, aka shimfiɗa tabarma a bayan motar. Ta sa aka kwantar da Hayatu a gefe guda, ba rigingine ba, ta ɗora kansa a cinyarta, tana share masa baki da bakin mayafinta.

Hanyar cikin gari a cike take. Tun da kuɗin ƙarin albashi na Udoji ya shigo hannun ma'aikata, sababbin Fijo da babura suka cika titunan Sakkwato. A shataletale wani soja ne ke ba da hannu, da bulala a hammata. Bitrus ya rage gudu yana jin tsoron karya doka. Rahmatu ta ɗaga hannu daga baya ta yi kira, "Mara lahiya! Mara lahiya muka ɗauke da shi!" Sojan ya leƙo, ya ga fuskar Hayatu, ya tsayar da duk sauran motocin, ya yi musu alama su wuce.

A babban asibiti masu gadon ɗaukar marasa lafiya suka karɓi Hayatu. Rahmatu ta bi su har ƙofar ɗakin maza, tana faɗa wa duk wanda ya saurara cewa bayan azahar abin ya fara, kuma ba a ba shi komai ba. Wata ma'aikaciya mai farar hula ta juyo da jin muryar.

"Inna Rahmatu? Ke ce? Ba dai Baba Dodo ba?"

Sista Ladi ce. Ita ta yi jinyar Dodo wata biyu a wannan ɗaki. Ita ta koya wa Rahmatu yadda ake juya mara lafiya kada bayansa ya yi gyambo, da yadda ake miƙe masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, har ranar da aka sallame su ta raka su bakin ƙofa tana jaddada mata a rage gishiri a miya.

"Lahiya lau shike, Sista. Wanga direbanmu na."

Aka rufe ƙofa. Rahmatu ta zauna a benci. Ta yi sallar la'asar a gefen baranda. Ta daɗe a zaune kafin Sista Ladi ta fito tare da likita, wani Ba'indiye mai tabarau. Ya yi magana da Turanci, Sista tana fassarawa. Jinin Hayatu ya hau ƙwarai, an fara saukar da shi. Ƙirjinsa wasai yake, babu abin da ya shiga huhu. Hannu da ƙafa sai a hankali, ba a yin alkawari, amma an kawo shi da wuri. Likitan ya ƙara wata magana yana duban Rahmatu, Sista Ladi ta yi dariya.

"Wai yana tambaya a wane asibiti kika yi aiki."

Rahmatu ta ja mayafi ta rufe baki. "Hwaɗa mai shinkafa nika saidawa."

Bitrus ya riga ya je Unguwar Rogo ya ɗauko matar Hayatu. Sadiyatu sunanta, ba ta wuce shekara talatin ba, ta fito da takalmi wari daban-daban don sauri. Da ta leƙa ta ga mijinta, sai ta zube a baranda tana kuka.

"Shi ke nan, Inna. An ce wanda iska ta shanye bai tashi. Ɗiya biyar gare mu."

Rahmatu ta zauna kusa da ita a ƙasa, ta bari ta yi kukanta, sannan ta kama hannunta.

"Ba ni ce miki gobe shina tashi. Nawa maigidan, daga kaka har ruwa ya sake sauka bai riƙe ko ludayi ba. Akwai ranakun da shika jefar da kwano don haushi, ni ma in koma bayan ɗaki in yi kuka. Amma kullum safe da marece ina murza mai hannu. Yau shi ka zuwa masallaci da sandarsa, shi ka ɗaure tumaki, bana har ya bi ni munka shuka iri. Kawo yatsunki in gwada miki."

Ta buɗe tafin Sadiyatu, ta miƙe ɗan yatsa, ta lanƙwasa, ta koma na gaba. Sadiyatu ta share ido tana kallo. Da suka gama hannu ɗaya, ita ta kama na Rahmatu ta maimaita, ta yi daidai.

Rana ta yi sanyi lokacin da Rahmatu ta fito neman yadda za ta koma gida. A gindin wani dogonyaro kusa da ƙofar asibiti ta hango taro: direbobi daga tasha, masu sayar da lemo da ƙosai, da 'yan jinya daga ƙauyuka. A tsakiyarsu Maigandi ne tsaye, ya ajiye kwandunanta na shinkafa da ya ɗauko mata a gefe, yana ba da labari da hannu da ƙafa.

"Ni ina ganin bakin ya karkace na ce, jama'a, wanga ba iska ba ta, jini na! Na ce shi ɗaga hannu biyu, guda ya hwaɗi. Na ce to, kowa ya gani ga nashi gida, maza asibiti, kada a tsaya!"

Mutane suna gyaɗa kai. Wani dattijo daga Wurno yana tambaya a sake faɗa masa yadda bakin yake yi. Bitrus, da ke jingine da mota, ya dubi Rahmatu ya buɗe baki zai yi magana. Ta girgiza masa kai.

Ta tsaya a bayan taron ta saurara har ƙarshe, tana bin maganar ɗaya bayan ɗaya. Da Maigandi ya hango ta sai muryarsa ta yi ƙasa, ya fara sosa ƙeya.

"Ka manta guda, Maigandi," ta ce. "Ruwa."

Ya dube ta, ya ga ba faɗa a fuskarta. Ya juya wajen jama'a ya ɗaga murya yadda yake kiran fasinja.

"Awo, ruwa! Ko ɗigo kada a ɗura mai!"

Rahmatu ta sunkuya ta haɗa kwandunanta, ta ɗora a kai, ta tambayi Bitrus ko motar Kware ta ƙarshe ta tashi.