Miyar Kifin Gidan Suna

A shekarar da Faransawa ke gina gada a kan kogin Gaya, Ajuma tana goyon ɗanta Isufu, wanda bai daɗe da fara rarrafe ba. Mijinta Badaru yana cikin masu dakon siminti a wurin aikin gadar, sai magariba yake dawowa. Ita da surukarta, Inna Jumma, ke yini a gida.

Ana cikin tsananin bazara aka yi suna a gidan maƙwabciyarsu Fatuma. Washegari da safe aka rarraba sauran shinkafa da miyar kifi da suka kwana. Wata 'yar aike ta kawo wa Ajuma nata kwanon, ta buɗe, ta ji wani ɗan tsami-tsami. Ta yi niyyar zubarwa, amma kunya ta hana ta, don 'yar aiken tana tsaye. Ta tura kwanon ƙarƙashin gado, ta bar yaron wurin Inna, ta tafi wanki bakin kogi.

Tana cikin wanki wata mata ta sauko ɗibar ruwa tana salati. Ta ce yaran gidan Fatuma suna ta amai da zawo, an ruga da wata ƙaramar 'yarta zuwa gidan likita, ko wuyanta ba ta iya riƙewa.

Ajuma ta bar kayan a kan dutse ta kama gudu, ba takalmi.

Ta tarar da kwanon a tsakar gida, saura kaɗan.

"Inna, wa ya ci wannan?"

"Ni ce, 'yar nan. Me ya faru?"

"Yaron fa?"

Tsohuwar ta yi murmushi, don ba ta san kome ba. "Maigidana ya ga ina ci ya miƙo hannu. Miya kawai na lasa masa."

Ajuma ta juya ta dubi ɗanta. Isufu kuwa yana ta wasa da murfin tukunya, yana dariya. Wannan dariyar ta fi kuka tayar mata da hankali. Ta goya shi, suka nufi gidan likita, Inna na biye tana haki.

Baranda cike take da mata da yara. Ma'aikacin likita, wani Badahome mai Hausa guntu-guntu, ya duba idon yaron, ya ce ta yi ta ba shi nono kada ta fasa, ruwa kuma sai wanda aka tafasa.

Da azahar amai ya fara. Kafin la'asar idanun Isufu sun zurma, maɗigarsa ta faɗa. In ta ba shi nono ya dawo da shi, sai ta share masa baki ta sake ba shi. Inna ma ciwon ya kwantar da ita a tabarma, tana murƙususu tana cewa a bar ta, a duba yaron. Daga cikin ɗaki aka ji kukan Fatuma ya tashi, kowa ya gane. Ajuma ta ƙanƙame ɗanta, ba ta iya ɗaga kai ba.

Badaru ya iso jikinsa fari fat da siminti, ya tsuguna gabanta.

Sai washegari da hantsi nonon ya zauna a cikin yaron. Ya jiƙa mata zane da fitsari, ma'aikacin ya ce alamar sauƙi ke nan.

Inna ta warke bayan kwanaki, amma ta daɗe ba ta yarda ta ɗauki jikanta ba. Ajuma ce ta ɗora mata shi a cinya wata safiya, ta ajiye mata kunu mai zafi da ta dama a lokacin, ta ce, "Inna, in ya huce ki ba shi."