Domino a Ɗakin Ammu Shahata

Tun da aka kawo Ammu Shahata gidan jinyar nan na Iskandariyya, inda ake kula da waɗanda likita ya ce sai dai addu'a, bai sake faɗuwa a wasan domino ba. Abin ya fi ciwon hantarsa ci masa rai. Mutumin da ya tsufa a shagon shayin unguwar Bahari ana cinye shi ana yi masa tsiya, yau duk wanda ya zauna gabansa sai wasa ya kwance masa. Surukinsa ya faɗi, limamin da ke zuwa dubiya ya faɗi, har Nagat mai jinya, da ba a yi mata wayo, ta faɗi tana murmushi. Shi dai ya gane, a zuciyarsu sun riga sun yi masa wanka, sutura ta rage.

Sai ya sa aka kira Girgis, tsohon masunci, abokin faɗansa tun suna samari. Girgis ya shigo a sanyaye, yana magana ƙasa-ƙasa kamar a coci. Aka zube 'ya'yan domino a kan tiren abinci. Ba a yi nisa ba Girgis ya ce ba shi da abin ajiyewa, alhali Shahata na hango hoton ɗan domino mai ɗigo biyar a gilashin tabaran da Girgis ke sanye da shi.

"Ajiye biyar ɗin nan, Girgis."

"Wace biyar, ya Hajj?"

"Yaushe na zama Hajj a bakinka? Ba jaki ka saba ce mini ba?"

Girgis ya sunkuyar da kai, ya ce hannunsa ne ya ƙi. Shahata ya ce in ta'aziyya ta kawo shi to ya yi sauri, ya bari a kafa rumfa, za a ba shi gahawar makoki marar sukari ya sha har ya ƙoshi. Yanzu kam da sauran numfashi, a yi wasa da shi kamar mutum.

Girgis ya daɗe yana share hanci. Can ya ɗaga biyar ɗin ya maka a tire, sai da kofin magani ya yi tsalle. Daga nan bai ƙara sassautawa ba, ya yi masa kaca-kaca, ya ce ko kifin jiya ya fi shi kai.

Da Nagat ta leƙo jin hayaniya, ta tarar Shahata na tari yana dariya, yana rantsuwa maguɗi aka yi masa.

"Sake zubawa, ɓarawo," in ji shi. "Kuma cire tabaran nan, ina ganin komai."