Hatimin Mai Biskit

"Ajiye audugar nan! Na ce ka ajiye!"

Ina tsaka da yanka yadi na ji tsawar ta keto katanga. Muryar maƙwabciyata ce, Mai Biskit, wadda tun da aka sallamo ta daga asibiti sai ka kai kunne bakinta kafin ka ji abin da take faɗi. Ko almakashin hannuna ban tuna na ajiye ba, na zura takalmi na faɗa gidan.

A ɗakin aikinta na same su. Tanda a sanyaye, katan-katan na biskit jibge har kusan rufi. Ƙanenta na tsugune da auduga da kwalbar ruwan goge farce. Ita kuwa tana dafe da ƙofa, 'yarta Auta na tallafe da ita, sai haki take yi.

Ƙanen nan nata Dabara muke ce masa, don ba a taɓa kawo masa matsala ya rasa ta inda zai kewaye ba. Ya miƙo min leda ɗaya. Inda kwanan wata yake ya goge shi fes.

"Tela, ke ki gaya mata gaskiya," ya ce. "Biskit ne fa, ba nama ba. Tana kwance a asibiti wa'adinsa ya wuce. Mu goge, mu buga sabo, mu kai shagon makaranta, mu sayo mata magani. Wa aka cuta? Ɗanɗana ki ji."

Na farke na ciza. Tsakani da Allah garas-garas yake, sai dai wani ɗan warin tsohon mai can ƙarshen harshe. Na rasa bayan wa zan bi, sai na ci gaba da tauna kamar akuya.

Duk unguwa an san matar nan da hatiminta, wani ɗan ƙarami mai lambobi da ake murzawa da babban yatsa. Doka ta ce abincin da aka rufe a leda sai an buga masa ranar da aka yi shi da ranar da wa'adinsa zai ƙare, a inda ido zai gani. Wanda ya wuce ba a sayar da shi, balle a goge a sake. Ta sha zirga-zirga kafin hukuma ta gwada biskit ɗinta ta ba ta lamba, kuma tun daga nan ba ta yarda kowa ya taɓa hatimin. Har tsokanarta nake yi, in ce da miji ne da an ce ta mallake shi.

"Ba mai kama mu, Yaya," Dabara ya ce. "Rabon masu dubawa da shagon nan har na manta."

"Ni na ce maka za a kama ka?" Ta tsaya ta ja numfashi. "Uwar da ta juya ledar nan ta karanta, maganata take karantawa. Shekara da shekaru ban yi wa uwar kowa ƙarya ba, sai yanzu da na ɗaure kayana?"

"Ki daina faɗin haka! To maganin fa?"

"Maganin rage zafi ne, kai ma ka ji likita. Zafi kuwa nawa ne, zan iya da shi."

Dabara ya jefar da audugar, ya ce shi ke nan, ya fita yana share ido da hannun riga.

Muka zaunar da ita a kujera. Na ce, "To kin ci nasara, Maman Auta, sai ki koma ki kwanta."

"Ke ba ki san ƙanena ba. Hatimi ai a kasuwa ake yanka shi. Ina rufe ido zai yi, kuma da zuciya ɗaya, ya ce don Auta ya yi." Idonta ya sauka a hannuna. "Miƙo almakashin nan."

"Na yadi ne fa! Ko maigidana ba ya taɓa shi."

"Yau zai ci leda."

Sai a nan na gane nufinta: ledar da aka farke ba ta sayuwa. Auta ta jawo katan na farko, na riƙe bakin buhu, ita kuma ta shiga yanka. Almakashin na zamewa, ta yanka ɗaya ta huta, ta yanka ɗaya ta huta. Na ce ta kawo in taya ta, ta harare ni. Ganin haka Auta ta ɗauko wuƙa, ni kuma na sa farce. Biskit na zuba a buhu, ƙamshi ya cika ɗakin, kuma kowace leda gumin matar nan ce.

Rana ta take Dabara ya dawo. Ya tsaya a ƙofa ya dubi ledojin da suka rufe ƙasa, ya dubi yayarsa da gumi ya jiƙe wa ɗankwali. Na ɗauka zai tayar da jijiyar wuya. Sai ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ya ɗauki leda ya farke da haƙori.

"Akwai mai kiwon kaji a bayan tasha," ya ce, bai ɗago ba. "Zai kwashe buhunan."

"Ka ga amfanin dabara," ta ce, ta dafa kansa.

Magani dai unguwa ba ta mutu ba, muka haɗa muka sayo. Amma ita hankalinta ba a nan yake ba. Mai shagon makaranta na jiran kaya, ta ce ba za a bar shi hannu wofi ba, a kunna tanda.

Washegari daga kujera take ba da umarni. Auta na murza ƙullu, Dabara na gashi, ni ina liƙe bakin leda. Da biskit ya huce ta kwance bakin zaninta ta fito da hatimin. Ta buga ranar da aka gasa. Sannan ta shiga murza lambobin gaba, wata bayan wata, har ta kai inda wa'adin zai ƙare. Ta daɗe tana kallonsa.

"Kai, wannan wata da nisa yake," ta ce, ta yi 'yar dariya.

Auta ta juya mana baya, wai tana duba tanda.

Ta yi ta bugawa, tambarin na fita a karkace, har hatimin ya suɓuce ya faɗi a cinyarta. Ta kira Auta, ta ɗora hannun yarinyar a kai, ta ɗora nata a sama.

"Daga ranar da kika gasa kike ƙirgawa, ba ranar da kika kai shago ba. Kin ji?"

"Na ji, Mama."

Ba ta ga ƙarshen makon ba. Da hantsi ta cika, Auta na gefenta. Da na shiga na kama hannunta, tawadar hatimin ba ta gama fita daga babban yatsanta ba. Na yi kuka, ni da nake cika bakin ba na kuka a gaban mutane. Allah Ya jiƙanta.

Bayan an share makoki na bi ta shagon makaranta zan kai ɗinki. Wata mata na tsaye, ɗanta na jan ta yana nuna biskit. Ta ɗauki leda ɗaya ta juya bayanta, ta matso da ita kusa da ido. Daga inda nake ina hango tambarin a karkace, da watan da har yanzu bai kama ba. Ta karanta, ta farke ledar, ta miƙa wa yaron.