Agogon da Ya Ƙi Tsayawa

Asahel Tarbox ya mutu da hantsi, zaune a kujerarsa da guduma a cinya, amma gidansa bai samu labari ba. Injin kaɗa nono na ta kaɗawa, na feren tuffa na juyi babu ko tuffa ɗaya a bakinsa, mafecin korar ƙuda na kaiwa yana komowa a kan teburi. Duk tarkacen nan shi ya ƙirƙiro su, kuma duk suna samun ƙarfi ne daga wata ƙatuwar tayar katako da rafin bayan gida ke juyawa. Mutanen jiharsu ta Connecticut a Amurka sun ci moriyar basirarsa ba kaɗan ba: injin yin ƙusa, garma mai baki biyu, famfon kashe gobara. Matarsa Mehitable kuwa, wadda ake kira Hetty, rabonta ciwon kai. Tun tana amarya take tsine wa wannan ƙara, har ta yi furfura ba ta fasa ba, shi kuma ko a jikinsa, don kunnensa na wurin ƙarafa.

Yayarsa Keziah ta iso da tsakar rana. Ta rufe madubai da baƙin ƙyalle, ta tsaya tsakiyar ɗakin girki tana rarraba ido.

"Hetty, gidan makoki ne wannan ko kasuwa? Gawa na kwance, komai na tiƙar rawa! Kin san al'ada sarai. A tsayar da agogo, a tsayar da duk wani abu mai motsi har a fita da shi. In ba haka ba, ta yaya zai san lokacinsa ya ƙare? Sai ya yi ta gewaya gidan nan."

"Yaya, in na rufe ruwan nan, babu mahaluƙin da zai iya tayar da su. A cikin kansa kaɗai sirrin injinan yake."

"To sai me? Ba ke ce kullum kike cika baki za ki sa wa tayar gatari ba?"

Gaskiya ce, kuma ta yi ɗaci. Mehitable ta sauka bakin rafi ita kaɗai. Ta daɗe riƙe da sandar da ke sauke ƙyauren ruwan, tana sauraron gidan daga nesa, sai ta ji tsoro ya kama ta. Wannan hayaniyar ce kaɗai muryar da ta saura mata ta mijinta. Duk da haka ba ta so ya kasa hutawa saboda ita. Ta runtse ido ta danna sandar.

Tayar ta yi gurnani ta tsaya. Da ta koma ciki, shiru ya cika gidan. Cikin shirun nan ne suka ji shi: ƙas, ƙas, ƙas. Agogon ɗakin girki bai tsaya ba. Asahel ya gina shi ne cikin bango, ya rufe da gilashi mai kauri, babu ƙofa babu makulli, babu inda hannu zai shiga.

Keziah ta ja da baya, fuskarta ta canza. "Taurin kai har a mutuwa! Ƙyale agogon. Dubi ƙarfen nan mai nauyi da ke rataye yana jansa, ya kusa kai ƙasa. Zai mutu da kansa."

Suka zauna suna kallo. Ƙarfen na sauka a hankali, bugun na raguwa kamar numfashin majiyyaci. Mehitable ta kasa jurewa, ta miƙe don ta ɗora ruwan shayi. Tana taka falankin daɓen da ke gaban murhu sai ya ɗan nutsa, wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashin daɓen, ƙarfen ya hau sama, agogon ya farfaɗo.

Ta ɗaga ƙafa. Ta sake takawa. Ƙarfen ya ƙara hawa.

Sai ta tuna lokacin sanyin bara, da ya farke mata daɓen ɗakin girki, ta yi masa tatas, shi kuwa yana ta murmushi. Ashe bai haɗa wannan da rafi ba. Da takunta ya haɗa shi. Muddin tana kai-komo a gaban murhunta, agogonsa na raye.

"Sauka daga nan, Hetty," in ji Keziah. "Don Allah ki sauka. Ki bar ƙanina ya tafi."

Mehitable ta san Keziah ce mai gaskiya. Ta sauka, ta zauna, ta harɗe hannu a cinya. Ƙarfen ya soma gangarowa. Bugun ya ja, ya ƙara ja, har tsakanin ɗaya da ɗaya mutum zai iya haɗiye yawu. Hawaye suka zubo mata, ta miƙe ta je ta tsaya a kan falankin da ƙafa biyu.

"Hetty!"

"Yaya, tsawon aurenmu ina kiransa cin abinci, yana ce min yana zuwa, ina zaune har ya huce." Ta share fuska da bayan hannu, ta sake takawa. "Yau shi ma ya jira ni."